Ɗalibai Huɗu Masu Sayar da Tabarau: Me Makarantar Wharton Ta Ƙara Musu?

A watan Fabrairun 2010, wasu ɗalibai huɗu da ke shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a makarantar koyon kasuwanci ta Wharton, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Pennsylvania a birnin Filadelfiya na Amurka, suka buɗe shafin intanet suna sayar da tabarau na gyaran gani a kan dala 95. Su ne Neil Blumenthal da Dave Gilboa da Andy Hunt da Jeff Raider, kamfanin kuma suka raɗa masa suna Warby Parker. Cikin mako uku suka yi cinikin da suka ƙiyasta za su yi a shekara guda, haja ta ƙare, mutum wajen 20,000 suka rubuta suna suna jiran a kawo wata. Ranar 29 ga Satumban 2021 aka fara cinikin hannun jarin kamfanin a kasuwar New York, darajarsa a ranar ta haura dala biliyan 6.

Makarantun kasuwanci na matuƙar son labari irin wannan, don shi ake nuna wa masu neman gurbin karatu. Sai dai in aka buɗe littafin lissafi, abin da Wharton ta ba waɗannan samari na kuɗi a farkon tafiyarsu dala 2,500 ne kacal. Sun shiga gasar tsara kasuwanci ta makarantar, ba su ci ba. Ɗaya daga cikin malamansu da suka yi wa tayin zuba jari ya ce a kai kasuwa. To in haka ne, ina taimakon yake? Akwai shi, kuma babba ne, amma ba a inda aka saba nunawa ba.

Inda dabarar ta samo asali

Kafin a fara karatu a 2008, Gilboa ya tafi yawon buɗe ido, ya mance tabarau ɗinsa a cikin jirgin sama. Dala 700 ya saye shi. Ya duba aljihunsa na ɗalibi, ya ga ba zai iya sake fitar da wannan kuɗi ba, don haka ya cinye zangon karatu na farko yana ƙanƙance ido a aji yana mita. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, a daidai lokacin ya sayi wayar iPhone a kan dala 200. Ta yaya abin da aka shekara ɗaruruwa ana ƙerawa, roba da gilashi biyu da 'yan ƙananan kusoshi, zai ninka waya mai kwamfuta a ciki fiye da sau uku?

Blumenthal ya san wani ɓangare na amsar, kuma ba a aji ya koya ba. Ya yi shekara biyar yana aiki da VisionSpring, wata ƙungiyar agaji da ke koya wa masu ƙaramin ƙarfi, galibi mata, yadda za su riƙa sayar da tabarau mai rahusa a ƙauyukansu. Aikin ya kai shi masana'antun da ake ƙera firam, ya ga da idonsa cewa kuɗin ƙerawa bai taka kara ya karya ba, kuma wuraren da ke yi wa talakawa su ne ke yi wa manyan gidajen ado.

Sauran amsar tana ga wani kamfanin Italiya mai suna Luxottica, wanda Leonardo Del Vecchio ya kafa a 1961. A lokacin da muke magana shi ke da Ray-Ban, ya saye shi a 1999. Shi ke da Oakley tun 2007. Shi ke ƙera tabarau da sunan Chanel da Prada da wasu gidajen ado, yana biyan su ladan suna. Shagunan LensCrafters da Pearle Vision da Sunglass Hut, inda Ba'amurke ke zuwa saye, duk nasa ne, haka ma EyeMed, wani babban kamfanin inshorar ido. Wato maƙeri shi ne ɗan sari, shi ne mai shago, kuma yana da hannu a wajen mai biyan kuɗin. Mai saye yana ganin sunaye barkatai a kan kanta yana zaton yana da zaɓi.

Hunt ne ya kawo tambayar da ta haɗa zancen. Ana sayar da takalma ta intanet, Zappos ya nuna haka. Ana sayar da zoben lu'ulu'u, Blue Nile ya nuna. Me ya hana tabarau? Doka ba ta hana ba. Tun 1978 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta wajabta wa likitocin ido su miƙa wa mutum takardar awon idonsa bayan gwaji, ya je inda ya ga dama ya saya. Kuma ba su ne farkon masu gwadawa ba, don Zenni Optical na sayar da tabarau mai arha ta intanet tun 2003.

Saboda haka dabarar ba ta makaranta ba ce. Ɗaya ya zo da haushinsa, ɗaya ya zo da sanin masana'anta, ɗaya ya zo da tambaya. Abin da Wharton ta yi a wannan mataki shi ne ta tace dubban masu nema, ta zaɓi mutum 800 da wani abu, ta zuba su wuri guda na shekara biyu. Wanda ya fito daga aikin agaji da wanda ya fito daga manyan kamfanonin ba da shawara da harkar kuɗi irin su Bain da Allen & Company, kamar Gilboa, da wuya hanya ta haɗa su a waje. Nan kuwa ga su a ɗakin kwamfuta ɗaya suna hira tsakanin darasi da darasi.

Sai lokaci. Daga ranar da suka fara zancen zuwa ranar buɗe shafi an ɗauki kusan shekara ɗaya da rabi, kuma a tsawon wannan lokaci babu mai gida da ke jiran su a ofis, babu mai jari da ke buga waya yana tambayar ina aka kwana. Suka riƙa zaɓar kwasa-kwasan da za su ba su damar mai da aikin aji ya zama aikin kamfaninsu, a ba su maki a kan abin da da ma shi suke son yi. Suka shiga shirin makarantar na renon sababbin kamfanoni, Venture Initiation Program, inda ake haɗa ɗalibi da masu ba da shawara, daga nan ne ma dala 2,500 ɗin nan ta fito. Neman suna kaɗai ya ci musu wata shida, sun tara sunaye fiye da 2,000 kafin Gilboa ya tsinci Warby Pepper da Zagg Parker a cikin rubuce-rubucen marubuci Jack Kerouac, suka ɗauki rabi nan rabi can. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin hayar shago ba zai iya wannan almubazzaranci da lokaci ba.

Ranar da aka yi musu gyaran farashi

In za a nuna wuri ɗaya da ilimin makaranta ya shiga cikin kamfanin nan ya sauya masa alƙibla, to ofishin Farfesa Jagmohan Raju ne, malamin da ya ƙware a harkar sa farashi.

Shirin samarin na farko shi ne su sayar da tabarau a kan dala 45. Lissafinsu mai sauƙi ne: abin da ake sayarwa dala 400 ko 500 a shago, mu mun cire dillalai da ladan suna da kuɗin haya, za mu iya bayarwa a kan kashi ɗaya cikin goma, mu kuma ci riba. Suka shirya takardunsu suka kai masa, suna jiran yabo. Kamar yadda Blumenthal ya sha ba da labari, malamin bai ɓata lokaci ba ya ce wannan ba za ta yiwu ba.

Dalili biyu ya ba su. Na farko ya shafi zuciyar mai saye. Mutumin da ya saba biyan ɗaruruwan daloli, in ka ce masa ga irinsa a kan 45, ba zai ce ya yi tsintuwa ba, cewa zai yi akwai lauje cikin naɗi. Tabarau ba riga ba ce. Abu ne da likita ya rubuta, za a ɗora shi a kan ido, a kuma yi yawo da shi a fuska kullum. A irin wannan haja, wadda mai saye ba shi da hanyar auna ingancinta da kansa, farashi ne ke zama shaida. Bahaushe ya riga ya faɗa, araha ba ta ado.

Dalili na biyu ya shafi aljihun mai sayarwa. Ya gargaɗe su cewa duk abin da suka rubuta a matsayin kuɗin samar da kaya, a aikace zai zarce haka nesa ba kusa ba, kuma in ribar da ke kan kowane tabarau siririya ce, ba za su samu abin yin talla ba. Haka kuwa aka yi, kuɗin ya ninka abin da suka ƙiyasta. Mai karatu ya duba abin da ke cin wannan riba a tsarin da suka ƙare da shi: su ke biyan kuɗin aika kaya, su ke biyan na dawowa, wanda bai gamsu ba a mayar masa da kuɗinsa, ga masu amsa waya, ga alƙawarin da suka ɗauka cewa duk tabarau ɗaya da aka saya za a samar da wani ga mabuƙaci. A kan dala 45, yawan ciniki da kansa ne zai kai su ƙasa, don kowace oda za ta zo da 'yar asararta.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne matakin da ya biyo baya, don ba a tsaya ga “malam ya ce” ba. Suka zana shafukan gwaji iri ɗaya sak, bambancinsu farashi kawai, suka raba wa rukuni-rukuni na mutane, kowa aka tambaye shi ko zai saya. Sakamakon ya nuna sha'awar saye tana hawa tare da farashi har zuwa wajen dala 100, daga nan ta juyo ƙasa. Suka tsaya ƙasa da 100 kaɗan. Ba su ce 99 ba, saboda 99 na da ƙamshin gwanjo, suka ce 95.

Wannan shi ne irin abin da makarantar kasuwanci ta iya da gaske. Akwai tarin bincike na shekaru a kan yadda mutane ke karanta farashi, akwai hanyar gwada shi, akwai mutumin da ya ga ɗaruruwan tsare-tsare ya san ramin da sababbin shiga ke faɗawa. Shawarar da kamfani zai biya maƙudan kuɗi kafin ya samu, su ƙwanƙwasa ƙofa kawai suka yi.

'Yan ajinsu ma sun yi nasu aikin, ta hanyar gwasale su. Da suka riƙa tambayar abokai ko za su sayi tabarau ta intanet, amsar da ta fi yawa ita ce a'a. Wa zai yi cinikin biri a sama a kan abin da zai zauna masa a fuska? Sun gwada manhajar da ke ɗora hoton tabarau a kan hoton mutum, fasahar lokacin ba ta gamsar ba. Daga wannan ƙin amincewa aka haifi tsarin da ya fitar da sunansu: ka zaɓi firam biyar, a aiko maka gida kyauta, ka gwada kwana biyar, ka nuna wa iyali da abokai, ka mayar, sannan ka yi odar wanda ya dace da kai. Ɗaruruwan matasa masu ɗan abin hannu, masu son ado, waɗanda ba sa jin nauyin faɗa maka gaskiya, su ne ainihin irin mutanen da kamfanin ke son sayar wa. Makarantar ta zame musu kasuwar gwaji ba tare da sun biya ko sisi ba.

Malamin da ya ce a'a

A 2009 Blumenthal ya je wa Adam Grant, wani matashin malami da bai daɗe da zuwa Wharton ba, da tayin ya sa kuɗi a kamfanin. Grant ya ƙi. Daga baya, a littafinsa na 2016, ya bayyana wannan a matsayin shawarar kuɗi mafi muni da ya taɓa yankewa, ya kuma zayyana dalilansa. A ganinsa samarin sun raba ƙafa. Ba wanda ya bar karatu don kamfanin. Lokacin hutu, maimakon su duƙufa, sun tafi aikin wucin gadi a wasu wurare. Sun tanadi ayyukan da za su koma in abin bai yi ba. Ga jan ƙafa, wata da watanni shafin bai kammala ba. Hoton ɗan kasuwa da ke kan Grant a lokacin shi ne na mai ƙona jirgin komawa, irin su Bill Gates da suka bar jami'a.

Bincike bai goyi bayan wannan hoto ba. Joseph Raffiee da Jie Feng sun bi diddigin Amurkawa fiye da 5,000 da suka shiga kasuwanci, suka wallafa a 2014 cewa waɗanda suka fara sana'arsu suna riƙe da aikin albashi, haɗarin durƙushewarsu ya yi ƙasa da kashi 33 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda suka ajiye aiki suka faɗa gaba ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya san abincin gobe ba ya kan cinikin yau ba zai yi gaggawar fitar da kaya rabi da rabi ba, ba zai karɓi jarin wulaƙanci ba, kuma zai iya sauraron mai ce masa farashinka bai yi ba, ya koma ya sake lissafi. Raba ƙafar da Grant ya gani a matsayin rauni, ita ce babbar kyautar da takardar Wharton ke bayarwa. An fara karatun nan ne makonni kaɗan kafin bankin Lehman Brothers ya rushe a Satumban 2008, tattalin arziki ya shiga mawuyacin hali, amma duk da haka mai digirin Wharton ya san ba zai rasa aiki ba.

A haɗa wannan da gasar da ba su ci ba, sai wani abu ya fito fili. A makaranta guda, malamin da aka tambaya “nawa za mu sayar?” ya ba da amsar da ta ceci kamfanin. Waɗanda aka tambaya “wannan zai yi nasara?” kuwa, da malami da alƙalan gasa, ba su hango ba. Ni a nawa ganin wannan ba hatsari ba ne. Tambaya ta farko tana da ilimi a bayanta, ana iya gwada ta a mako guda. Ta biyu kuwa duba ce, kuma masu zuba jari da suka shekara talatin a harkar ma sun fi yin kuskure a kanta fiye da dacewa. Makarantar da ta mai da hankalinta kan raba kofi da lambar yabo ga “dabara mafi kyau” tana yin aikin da ba ta fi kowa iyawa ba.

Akwai wani bincike daga Harvard da ke ƙara haske. A can ana raba ɗaliban shekarar farko zuwa ajujuwa na mutum wajen 90, ba su ke zaɓar abokan zamansu ba, kuma tare suke yin duk darussan shekarar. Josh Lerner da Ulrike Malmendier suka duba ɗalibai kusan 6,000 da suka gama tsakanin 1997 da 2004, suna tambaya: in aji ya samu tsofaffin 'yan kasuwa da yawa a cikinsa, shin sauran ɗaliban za su fi shiga kasuwanci? Kowa zai ce e. Abin da suka samu akasin haka ne. A irin waɗannan ajujuwa, masu kafa kamfani bayan kammalawa sun ragu. Amma da aka duba da kyau, ragin ya fito ne daga kamfanonin da da ma za su faɗi. Fassarar da ta fi zama ita ce, wanda ya taɓa ƙonewa a kasuwa yana jin dabarar banza zai gane ta, ya faɗa wa abokinsa tun kafin ya zuba kuɗinsa. Wannan taimako ne da ba ya shiga ƙasidar talla, don ba wanda ke ɗaukar hoton kamfanin da ba a kafa ba.

A Najeriya ma tun wajen 2007 aka wajabta darasin koyon kasuwanci a jami'o'i, kuma ma'aunin da aka fi ambata shi ne yawan waɗanda suka ɗauki kwas ɗin ko suka buɗe sana'a. Binciken Harvard na nuna cewa yawan masu farawa shi kaɗai ba ya gaya maka ko koyarwar ta yi amfani.

Abin da kasuwa ta koyar da kanta

Samarin sun haɗa ajiyarsu, wajen dala 120,000, suka kashe ta a kan abu uku: gina shafi, kayan farko, da wani mai tallata kayan ado ga 'yan jarida. Na ukun ne ya jawo mujallun GQ da Vogue suka yi rubutu a kansu. GQ ta kwatanta su da Netflix, wanda a lokacin yake aika wa mutane faifan fim har gida su kalla su mayar, kuma fitowarta ce ta tilasta musu buɗe shafin ko bai gama nuna ba.

Gilboa ya saita wayarsa ta riƙa motsi duk lokacin da oda ta shigo. Yana zaune a aji wayar ta ƙi yin shiru. Nan suka gano cewa, duk da shekara ɗaya da rabi na tsare-tsare, ba su sa wa shafin hanyar nuna cewa kaya sun ƙare ba, don bai taɓa zuwa musu a rai za su ƙare ba. Mutane na ta biyan kuɗin abin da babu. Cikin kwana biyu firam ɗin gwaji suka ƙare, dole aka dakatar da aikawa gida. Suka raba dare suna rubuta wa masu saye wasiƙun ban haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

Sai wasu suka fara kira suna cewa, tunda ba za ku aiko ba, ina ofishinku mu zo mu gwada? Ofis babu. Blumenthal ya ce su zo gidan da yake haya. Aka baje tabarau a kan teburin cin abinci, baƙo ya shigo ya ɗauka ya saka ya duba madubi, in ya ga wanda ya yi masa, ya zauna gaban kwamfutar Gilboa ya yi oda ta shafin. Kamfanin da aka gina a kan cewa shago ɓarnar kuɗi ne, ga shi masu saye da ƙafarsu suna nuna masa suna son shago. Babu kwas ɗin da ya hango wannan.

Amma a nan ma makarantar ta sake shigowa ta wata ƙofa. David Bell, malamin tallace-tallace a Wharton a lokacin, ba kamar Grant ba, ya sa kuɗinsa tun da wuri. Daga baya shi da Santiago Gallino da Antonio Moreno suka yi nazarin bayanan cinikin kamfanin, suka nuna cewa in aka buɗe wurin gwaji a gari, ciniki na ƙaruwa a yankin, mayar da kaya kuma na raguwa. A 2013 aka buɗe babban shago na farko a titin Greene da ke New York. Zuwa ƙarshen 2024 shagunan sun haura 270, kuma a 2025 kamfanin ya sanar zai daina aika firam biyar ɗin nan gida, tsarin da ya yi suna da shi.

Wani abin da suka yi tun suna ɗalibai, wanda ke da alamar mutanen da suka karanta labaran kamfanonin da rigimar abokai ta wargaza, shi ne yarjejeniyar da ke tsakaninsu. Sun raba mallaka daidai wa daida, amma kason kowa yana tabbata ne a hankali har zuwa ranar kammala karatu, yadda wanda ya janye a tsakiya ba zai tafi da cikakken rabo ba. Sukan kuma zauna lokaci-lokaci kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa inda yake gazawa, ido da ido. Da aka gama karatu a 2010, Blumenthal da Gilboa suka riƙe shugabanci tare, Hunt da Raider suka koma harkar zuba jari suna cikin hukumar gudanarwa, ba tare da an kai ruwa rana ba. Raider ya dawo ya kafa Harry's, mai sayar da rezar aski, wanda ya fara ciniki a 2013 a kan kusan wannan tsari, Bell kuma ya sake sa kuɗi. Hunt ya kafa kamfanin jari mai suna Elephant.

Kada dai a ɗauki labarin fiye da nauyinsa. Mutanen nan ba daga sama suka faɗo ba. Kafin su taka Wharton sun yi manyan jami'o'i, sun yi aiki a wuraren da ake biyan albashi mai tsoka, har suna da dala 120,000 da za su iya sakawa a abin da ba tabbas. Kuɗin makarantar a yau ya haura dala 80,000 a shekara, ban da masauki da abinci da albashin shekara biyu da mutum ya bari. Ɗalibin da ya ci bashi ya biya wannan, bashin da kansa na tura shi ga aikin banki ko kamfanin ba da shawara, ba ga kafa nasa ba, kuma mafi yawan masu kammalawa can suke tafiya. Raba gudummawar makaranta da ta irin mutanen da take ɗauka abu ne mai wuya, tunda ta zaɓi waɗanda ko ba ita da ma za su yi nisa. Ita kanta Wharton ta ƙara zuba kuɗi a wannan fanni daga baya, ta gina Tangen Hall, cibiyar ɗalibai masu kafa kamfani, da gudummawar dala miliyan 25 daga gidauniyar tsohon ɗalibinta Nicolai Tangen. Gini da kayan aiki na da amfani, sai dai Warby Parker a teburin cin abinci aka yi shi.

Haka nan darajar biliyan 6 ta ranar farko ba ita ce ƙarshen zance ba. Luxottica bai girgiza ba, a 2018 ma haɗewa ya yi da Essilor na Faransa, babban mai ƙera gilashin ido, ya ƙara girma. Warby Parker ya yi cinikin dala miliyan 540 a 2021 amma ya tashi da asarar miliyan 144, a 2022 ya sake asarar miliyan 110, farashin hannun jarinsa ya zube ƙasa da rabin inda ya fara. Talla a intanet ta yi tsada, shaguna na cin haya da albashi, wato ainihin kuɗaɗen da suka ce sun kauce wa tun farko. Sai a watanni ukun farko na 2025 kamfanin ya bayyana riba a karon farko tun shigarsa kasuwar hannun jari, kuma wannan a kan farashin da ya ninka wanda suka kai wa Raju fiye da sau biyu.